Kwat Ɗaya, Suna Biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da mabuɗin ɗakin kayan sojoji na garinmu, Burrawin, kuma a tsawon lokacin nan sau ɗaya na taɓa yin da-na-sanin farke ɗinki.

Sunana Nola Quilty, tela ce ni. Da idanuna suka gaji da rigunan amare, sai na koma tara kakin sojan da mutane kan rasa yadda za su yi da shi idan tsohonsu ya rasu. Da na mahaifina na fara. Hukumar gari ta ba ni ɗakin bayan tsohon zauren taro, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, kafin a ankara riguna sun kai sittin da bakwai. Kowace da kwalinta a wuya: sunan mai ita, inda aka kai shi, abin da ya same shi. Wanda ke raye, in ɗauki rakoda in je in zauna da shi har ya gaji da magana. Wanda ya mutu, in tambayi iyalinsa. Ba na rataye riga sai da labarinta, kowa a garin ya san haka.

A Fabrairun 1995, cikin wani zafi da ya sa kwalta ta yi laushi, Olwen Pascoe ta shigo min da tsohon akwati. Mahaifinta Hedley ya rasu wata uku kafin nan. Ita kaɗai ya haifa, ba ta taɓa aure ba, ita ke riƙe da gonar alkamarsu da tumaki a hanyar arewa.

"Ga shi nan, Nola," in ji ta, ta dire akwatin a kan teburina. "Ko ki rataye, ko ki ba asu su ƙarasa."

"Zauna mana ki sha shayi. Sai ki ba ni labarinsa."

"Wane labari? Ya je Girka, ya dawo, ya yi noma, ya mutu."

"Haba Olwen, ai ko akwatin nan ya fi haka labari."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon rigunan da ke jere a bango kamar mai neman wani a cikinsu, sannan ta ce tumaki na jiran ruwa, ta fita.

Da na buɗe akwatin, kwat ne na ulu, irin wanda aka ba sojojinmu a farkon yaƙin duniya na biyu, ƙamshin kafur ya kama shi. Maɓallansa cif, babu wanda ya ɓata. A cikin wuya an ɗinka ƙyalle fari da sunan H. Pascoe. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗinkin ƙyallen. Ɗinkin namiji ne, manyan taku, zare ninki biyu, an ja shi da ƙarfi har ulun ya tattare. Na ce bari in warware in mayar masa da kyau kafin ya yage wuyan. Na sa bakin almakashi, ƙyallen ya ɗaga.

A ƙarƙashinsa akwai wani sunan, an saƙa shi da jan zare, aikin mace mai hannu: C. Tuckwell, da lambarsa ta soja.

Na daɗe zaune da almakashin a hannu. Babu wanda ya tashi a Burrawin bai san sunan nan ba. Yana kan dutsen tunawa da ke tsakiyar gari, layi na huɗu, cikin waɗanda ba a ga gawarsu ba. Clem Tuckwell ya ɓace a Girka a 1941, ya bar mata da jariri. Matar, Thelma, tana nan da ranta a gidan kula da tsofaffi. Jaririn kuwa shi ne Royce Tuckwell, wanda gonarsa ke raba shinge da ta su Olwen, mutumin da ko karnukan wasu ba sa yi masa haushi.

Na juya kwat ɗin. A baya, ƙasa da kafaɗar hagu, akwai faci ɗan ƙarami, da irin wancan ɗinkin na namiji. Wannan ban taɓa shi ba. Na ɗaga rigar saitin taga kawai, na ga shafin cikin ya yi duhu a wurin, faɗin tafin hannu, irin duhun da wanki ba ya fitarwa.

Kuskurena washegari na yi shi. Maimakon in tafi wurin Olwen kai tsaye, sai na ce bari in tabbatar da lambar tukuna. Na je kulob ɗin tsofaffin sojoji, inda suke da babban littafin sunaye. Lofty mai sayar da giya ya sauko min da shi, ya tsaya a kaina yana goge kofi.

"Wa muke nema yau, Nola? Kin samo wani saurayin a akwati?"

"Je ka yi aikinka, Lofty."

"Ai shi nake yi." Ya leƙo takardar hannuna, ya bi yatsana da ido har inda ya tsaya. Sai gugar kofin ta tsaya ita ma. "Lambar Clem ce wannan. A ina kika same ta?"

"A wani wuri."

"Jiya na ga motar Olwen a ƙofarki."

Na rufe littafin na fita. Tun ban kai mota ba na san cewa kafin la'asar babu wanda bai ji ba.

Na samu Olwen a bakin kwamin ruwan tumaki. Can yamma hayaƙi ya tokare sama, daji na ci tun kwana biyu, rana ta koma ja kamar garwashi. Na nuna mata ƙyallen da na cire.

"Kin gani ke nan," in ji ta.

"Kin sani?"

"Tun Nuwamba." Ta rufe famfo, ta goge hannu a wando. Ta shiga gida ta fito da kaset ɗaya a cikin ambulan, ta miƙo min. "Baba ne ya naɗa da kansa, a rumfar askin tumaki. Ya ce kada in saurara sai an binne shi. Sau ɗaya na ji, ba zan ƙara ba."

"To me ya sa kika kawo min, Olwen? Me ya sa ba ki kai wa su Royce ba?"

"Sau uku ina sa akwatin a mota. Har ƙofar gonar Royce na je, na juyo. Na kunna wuta a bayan gida, na kasa jefawa." Ta dube ni. "Na san ke ba kya rataye riga sai kin duba cikinta."

"Wato ni kika zaɓa in ɗauka."

"Ke kika ce kina son labari."

Na gaya mata abin da ya faru a kulob. Fuskarta ba ta canja ba. Ta juya tana kallon shingen da ya raba gonakin biyu, ta ce, "To. Yau sai in ɗaure kare a cikin gida."

Da safe na tarar da a-kori-kurar Royce a tsallaken titi, daidai ƙofar zauren. Yana ciki, hula ta rufe masa ido, bindigar da yake harbin yanyawa da ita na kwance a maratayinta a bayan kujera, inda take kullum. Na buɗe ɗaki, na kunna fanka, na yi ta kai da kawo ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Duk sanda na leƙa taga, yana nan. Toka na sauka a kan motar kaɗan-kaɗan. Sai da agogo ya buga biyu na rana na ji an rufe ƙofar mota.

Ya shigo ya cire hula. Mutum ne dogo, mai kaurin wuya, shekararsa hamsin da biyar. Hannunsa babu komai, na duba.

"Nola."

"Royce. Ga kujera."

"An ce kina da kayan babana."

Na shimfiɗa masa kwat ɗin a kan tebur, na buɗe wuyan. Ya sunkuya ya karanta jan zaren. Bai taɓa ba.

"Hedley ne ya dawo da shi?"

"Shi ne."

"Shekara hamsin yana cikin gidan can? Nan da shingenmu?"

"Haka nake gani. Akwai kaset, Royce. Ni ma ban saurara ba. Na ga bai dace in riga ka ji ba."

Ya ja kujera ya zauna. Na sa kaset ɗin, na danna.

Muryar Hedley ta fito a shaƙe, ana jin kukan tumaki a bayansa. Ya faɗi sunansa da lambarsa kamar yana gaban hafsa. Ya ce suna ja da baya ne a cikin duwatsu, Jamusawa na bin su, kwana uku ba barci. Jirgi ya yi musu ruwan wuta a kan hanya, Clem ya samu rauni a cinyoyi biyu. Hedley ya goya shi har suka kai wata gada inda motar ƙarshe ke lodi. Motar ta cika, aka ce mutum ɗaya za ta ƙara, kuma mai iya tsayawa da ƙafarsa.

Sai ya yi shiru mai tsawo, har na zaci kaset ɗin ya tsinke.

"Clem ya ce kada in bar musu shi da rai," in ji muryar. "Ya roƙe ni. Ya ce in kai wa Thelma kwat ɗinsa, ita ta saƙa sunan. Na ce ba zan iya ba yana kallona. Sai ya juya min baya. Shi ke nan. Na cire masa rigar, na hau mota. Na dawo gida da niyyar kai mata. Na je ƙofar, na ga yaron yana wasa a baranda. Na koma."

Bayan nan babu komai sai ƙarar iska, da tari, da ƙarar maɓallin da ya kashe rakodar.

Royce ya miƙa hannu. "Ba ni almakashinki."

"Royce, bari ni in…"

"Ba ni."

Na ba shi. Ya juya kwat ɗin, ya tsinke zaren facin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar ɗan rago. Facin ya faɗo. Huda ce ƙarama, kewayayya, gefenta ya ƙone ya yi baƙi. Ya sa ɗan yatsansa a ciki.

"Bakin bindigar na jikinsa aka harba," in ji shi.

"Ai haka ya ce."

"Haka ya ce." Ya ɗago ya dube ni. "Mutum ɗaya motar za ta ɗauka, Nola. Su biyu ne a gadar. Wa ya ga raunin cinyar? Wa ya ji roƙon? Ke tela ce, gaya min. Rigar nan ta nuna miki wanda ya juya baya da kansa, ko wanda aka bari ya juya?"

"Riga ba ta nuna wannan."

"To me za ki rubuta a kwalinki?"

Ya naɗe kwat ɗin ya sa a hammata, ya nufi ƙofa. Na tuna hanyar arewa ce a gabansa, kuma Olwen ita kaɗai ce a gidan.

"Ina za ka?"

"Wurin Mama."

"Zan bi ka."

"Tsoro kike ji in wuce gidan Pascoe?"

"Eh," na ce.

Ya yi wani ɗan murmushi da ban so ba. "Mu je, to."

Na zauna a gaban motar, bakin bindigar na daidai ƙeyata, kwat ɗin a tsakaninmu. Da muka iso mararraba ya rage gudu har ya kusa tsayawa, ya daɗe yana duban hanyar arewa, sannan ya karya kan motar zuwa hagu, wajen gidan tsofaffi.

Goggo Thelma na zaune a kujerar guragu kusa da taga, an rufe tagar saboda hayaƙi. Shekararta tamanin da ɗaya, ƙafafu sun tafi amma hankalinta garau.

"Wa nake gani haka? Nola mai tara tsummokara," in ji ta. "Kin zo auna ni tun ban mutu ba?"

"Sannu da hutawa, Goggo."

Royce ya durƙusa a gabanta, ya ɗora mata kwat ɗin a cinya. "Mama, duba wuyan."

Ba ta nemi tabarau ba. Ta bi saƙar da babban yatsa, harafi bayan harafi. Ta kai ƙarshen lambar, ta koma farko. Sannan ta shafa kafaɗar, ta gangara, yatsanta ya faɗa cikin hudar. Ta bar shi a nan.

"Hedley," in ji ta. Ba tambaya take yi ba.

"Kin sani, Mama?"

"Ban sani ba. Amma mutum ba ya sare maka itacen hunturu shekara arba'in, ya jibge a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa shan shayi ko sau ɗaya, sai in akwai abin da yake ɗauke da shi. Na tambaye shi da ya dawo. Ya ce sun rabu a hanya. Yana faɗa yana kallon takalminsa."

Royce ya gaya mata abin da ke cikin kaset ɗin, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya gaya mata maganar motar da mutum ɗaya. Ta saurara ido a rufe.

"Babanka ba ya son a ga yana jin ciwo," in ji ta daga baya. "Ko haƙori za a cire masa sai ya sa an fitar da ni. Zai iya juya baya."

"Ko kuma an jira ya juya."

"Ko kuma haka." Ta buɗe ido. "Ni na san su duka biyun, kai ba ka san ko ɗaya ba, kuma ga ni ban iya rabewa ba. Royce, dube ni. Yarinyar nan Olwen ba a haife ta ba lokacin. Ka ji ni?"

"Na ji, Mama."

"Ban ce ka ji ba. Na ce ka bar ta."

Ya miƙe ya je ya tsaya a taga, ya ba mu baya.

Goggo Thelma ta ce kwat ɗin ba zai koma ɗakina ba, kuma ban yi musu ba. Ta sa aka rataye mata shi a jikin ƙofar kabad, inda take ganinsa daga gado. A watan Yuni ta rasu, aka binne ta da shi a shimfiɗe a kan ƙirjinta, kamar yadda ta bar wasiyya.

Royce bai taɓa Olwen ba. Bai yi mata magana ba, bai aika mata kowa ba. Abin da ya yi kawai, ya koma gyaran shingen da ke tsakaninsu. Kullum da yamma zai ajiye motarsa daidai inda ake hango barandarta, ya fito da guduma, ya yi ta bugun turakun da babu abin da ya same su, yana yi yana ɗagowa. Wata rana kuma ba ya ko fitowa daga motar. Olwen ta kira ɗan sanda sau ɗaya, ya zo ya ce mutum na cikin gonarsa, babu laifin da za a rubuta. A kanti mutane suka rabu biyu, masu cewa Hedley ya yi wa abokinsa abin da aboki ke yi, da masu tsallaka titi in sun hango ta. A ranar Anzac ta shekarar, ranar da muke tunawa da sojojinmu, da aka zo karanta sunayen tsofaffin sojojin da suka rasu, mai karatun ya kai kan Hedley Pascoe ya yi tari, ya wuce da sauri.

Bayan girbi ta sayar da gonar. Ta biyo ta ɗakina ranar da za ta tafi, mota cike da kaya, karen a kujerar gaba.

"Ga kaset ɗinki," na ce.

"Ba nawa ba ne. Riƙe."

"Ki yafe min, Olwen. Da ban je kulob ɗin nan ba…"

"Da sai wani ya je." Ta gyara madubin mota. "Ni dai ban san wanda ya rene ni ba, Nola. Wannan ne kawai."

Ban sake ganinta ba. An ce tana wajen wata 'yar'uwar mahaifiyarta a bakin teku.

Mako biyu da tafiyarta, ranar wata Alhamis, Royce ya shigo da ƙarfe biyu, ya cire hula, ya ce in sa masa kaset ɗin. Na sa. Alhamis ta gaba ya dawo. Haka ya yi ta yi har na ajiye aikin, shekara huɗu bayan nan. Ba farkon yake so ba, ba ƙarshen ba. Wurin da Hedley ya yi shirun nan mai tsawo yake sa ni in mayar, ya matso da kunnensa jikin rakodar, ya riƙe numfashi. In muryar ta dawo, sai ya ɗaga min yatsa.

"Mayar, Nola," yakan ce. "Kamar na ji wani abu."